Daga Igiya Zuwa Ƙusa: Tarihin Rufin Kwano a Ƙasar Dakoro

Masu nazarin gine-ginen Hausa sun fi mayar da hankali ga zanko da zanen bango da ɗaurin guga. Ba kasafai suke waiwayar ƙusa ba, alhali kuwa wannan ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba yana cikin abubuwan da suka sauya fasalin garuruwanmu. Ƙasar Dakoro, da ke arewacin jihar Maraɗi, misali ce mai kyau.

Kafin zuwan kwano, rufi iri biyu manoman yankin suka sani: jinka da soro. Jinka aikin gayya ce. A yanko gamba, a saƙa, a ɗaure ta bisa tanka da igiyar kaba. Soro kuwa aikin magini ne, wanda zai jera azara, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa, ya kafa indararo. Makiyayan Fulani da Abzinawa su ma da igiya suke ɗaure tabarmi da fatu. Ko ɗaya babu ƙarfe a ciki. Igiya ce take riƙe jinka, soro kuma nauyinsa ne yake zaunar da shi.

Shi kwano baƙo ne daga nesa. A 1829 wani injiniya a Ingila, Henry Palmer, ya yi rajistar dabarar lanƙwasa farantin ƙarfe tudu da kwari domin ya yi ƙwari, aka rufa rumbunan tashar jiragen ruwa ta Landan da shi. A 1837 Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi rajistar hanyar shafe ƙarfe da sinadarin zinki don hana tsatsa. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 kuma injuna suka riƙa yanko ƙusa daga waya, ta yi arahar da maƙeri ba zai iya ja da ita ba.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya masu nauyi suka samu hanyar shigowa ƙasar Hausa. Jirgin yakan tafi da gyaɗa, ya komo da kayan kanti, ciki har da kwano da ƙusa. Cinikin gyaɗar ne kuma ya raya Maraɗi, wadda ambaliyar 1945 ta tilasta mata tashi daga bakin gulbi zuwa kan tudu, inda aka shata sabon gari. A 1947 Faransawa suka mayar da Dakoro mazaunin mulki. Ke nan garin ya girma ne a zamanin da kwano ya riga ya shiga kasuwannin kudu, ta hanyar Maraɗi kuma yake hawowa: daga gine-ginen gwamnati, sai kantuna da masallatai, sannan gidajen masu hali.

Dalilan karɓuwarsa ba ɓoyayyu ba ne. Giginya, wadda azararta take gagarar gara, ba ta yawaita a wannan yanki na bakin sahara ba, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 kuma suka rage itatuwan da ake da su. Soro yana neman yaɓe kowace shekara, ita kuma jinka abincin wuta ce. Ɗan ci-rani da ya komo daga Najeriya ko Libiya, in ya rufa ɗaki da kwano, kowa ya san bai tafi a banza ba.

Sai dai kwano ba shi da nauyin soro, saboda haka duk amanar ɗaki ta koma hannun ƙusa. Kafintan da ya san aikinsa a kan tudun kwano yake buga ta, ba a kwarin da ruwa yake bi ba, kuma yakan zaɓi mai hula domin ta toshe hujin. Ko da hakan, kwano yana miƙewa da zafin rana, ya tsuke da dare, har ƙusa ta saki a hankali. Gara kuma tana cin katakon ta ƙasa. In hadarin farkon damina ya taso daga gabas da guguwa, rufin da ƙusarsa ta saki yakan tashi gaba ɗaya, aji ya zauna ba ɗalibai, hatsin magidanci ya jiƙe. Wannan ne ya sa ake ganin duwatsu da tubala jere bisa rufi, wato an komo ga tsohuwar dabarar nauyi. Masu ƙarfi kuwa sun koma ga ƙarafan walda a madadin katako, ana kama kwanon da ƙugiya ko sukuru mai zoben roba.

Sauyin bai zo kyauta ba. Ɗakin kwano tanderu ne da bazara, kuɗin rufi kuma a kanti suke ƙarewa maimakon hannun maƙwabta, sanin magina yana ta ja da baya. Shi ya sa tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta soma koyar da gini ba katako a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla. Amma kwano ya riga ya samu gindin zama. Abin da ya rage shi ne a ba aikin ɗaure shi muhimmancin da kakanni suka ba igiya da azara, domin ƙusar da aka yi tsimin ta da rani, damina ce take karɓar bashinta.