Dutsen da Yake Tona Asirin Fataken Farko

Yau tambayarmu ita ce: ta yaya za a gane hanyar da mutane suka bi alhali ba su bar rubutu ba?

Akwai wani baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi, obsidiyan, wanda ke samuwa idan narkakken dutsen aman wuta ya huce da sauri. Kaifinsa kamar reza, shi ya sa mutanen da suka yi wuƙaƙe da shi. Abin sha'awar, kowane dutse mai aman wuta da irin haɗin sinadaransa. A 1964, Colin Renfrew da Johnson Cann a Ingila suka nuna cewa in ka auna sinadarai irin su bariyam da zakoniyam, za ka san mahaifar kowane gutsure.

To ku ji abin da ya fito. A kogon Franchthi na ƙasar Girka an tono obsidiyan na tsibirin Melos mai shekara kusan 13,000. Melos fa teku ne ya kewaye shi! Ba a samu jirgin ba, amma dutsen ya ba da shaidar an tsallaka ruwa.

A Olorgesailie ta Kenya kuwa, fiye da shekara 300,000 baya, an kawo shi daga nisan kilomita 25 zuwa 95. Masana na ganin alamar musayar kaya ce tsakanin al'ummomi.

Don haka in aka ce maka tarihi da rubutu ya fara, ka tuna da wannan dutsen. Sai shiri na gaba.