Tarihi A Bakin Masu Shi: Darasi Daga Lardin Lankasha

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin tsofaffi suna ambaton akoko da alawayyo, yadunan da ake sarowa a kantunan Turawa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, a farkon zamanin Turawa kaso mai tsoka na waɗannan yaduka daga lardi ɗaya yake fitowa a arewa maso yammacin Ingila, wato Lankasha, wanda har zuwa 1974 birnin Mancesta da na Liverpool duk a cikinsa suke. Tun a 1851 da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shigo Kano, ya tarar da yadin Mancesta a kasuwa. Yau masaƙun Lankasha sun mutu kusan ƙurmus, amma mutanen lardin ba su bari labarinsu ya bi su kabari ba. Hanyar da suka bi kuwa mai sauƙi ce: taruwa a zauna a yi lacca.

Kafin mu je ga laccar, bari mu ɗan duba abin da ake tattaunawa a kai. A 1733 wani mutumin garin Bury mai suna John Kay ya ƙirƙiro ƙoshiyar saƙa mai gudu da kanta, sai masaƙi ɗaya ya koma cinye zaren mata da yawa masu kaɗi. Ƙarancin zare ya sa James Hargreaves ya ƙera injin kaɗi mai mazarai da yawa wajen 1764, Richard Arkwright, haifaffen Preston, ya yi rajistar nasa mai aiki da ƙarfin ruwa a 1769, sannan Samuel Crompton na Bolton ya haɗa dabarun biyu a 1779. Ga kwal a ƙarƙashin ƙasa, ga danshin iska da ke hana zare tsinkewa, ga tashar jiragen ruwa ta Liverpool a kusa. Kafin ka ce kwabo ƙauyuka sun zama birane, Oldham da Bolton suka shahara da kaɗi, Blackburn da Burnley kuma da saƙa. A 1913 yadin auduga da Birtaniya ta fitar waje ya kai kimanin yadi biliyan 7, kuma Indiya ce babbar kasuwarsa.

Wannan shi ne tarihin da ke cikin littattafan makaranta, na injuna da masu kuɗi. To, ina labarin matar da ke tsaye gaban injin saƙa huɗu tun ƙarfe shida na safe? Nan ne laccocin unguwa suka shigo.

Al'adar ta daɗe. Tun 1848 aka kafa ƙungiyar tarihi ta Lankasha da Cheshire, sai dai a lokacin zaman manya ne, na limaman coci da lauyoyi da attajirai. Abin ya fara sauka ƙasa ne bayan kafa Ƙungiyar Ilimantar da Ma'aikata a 1903. A 1908 masanin tarihin nan R. H. Tawney ya riƙa zuwa garin Rochdale kowane mako yana koyar da ma'aikata tarihin tattalin arziki, su kuma suna yi masa gyara da abin da suka gani da idonsu a bakin aiki. Daga baya ƙananan ƙungiyoyin tarihi suka bazu gari-gari. Tsarin nasu ba wani mai wahala ba ne. Sau ɗaya a wata ake haɗuwa a ɗakin karatu ko zauren coci, kowa ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a sha shayi. Mai jawabin kan kasance tsohon malamin makaranta, ko tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa, ko wani da ya shafe shekaru yana bin diddigin layi ɗaya a garinsu. Ya nuna hotuna, ya yi magana ta kamar awa guda, sannan a buɗe fage. A wannan fagen ne ake samun ribar zaman, domin sai ka ji wata tsohuwa daga baya ta ce ai wancan na tsaye a hoton kawunta ne, kuma ba a shekarar da aka faɗa masaƙar ta ƙone ba.

Abubuwan da irin waɗannan zama da hirarraki suka adana suna da ban mamaki. Ƙarar injuna ta sa ba a jin magana a ɗakin saƙa, don haka mata suka ƙware wajen karanta leɓen juna daga nesa, da yawa kuma suka tsufa da kurumta. Masaƙi kan sa baki ya zuƙo zare ta ƙofar ƙoshiya, abin da suke kira sumbatar ƙoshiya, ga shi ƙoshiya ɗaya takan bi bakuna da yawa, sai cuta ta samu hanya. Akwai mai sana'ar tada mutane daga barci, wanda ke bi gida-gida da asuba da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa taga, ana biyansa duk mako. Akwai yara 'yan rabin yini, waɗanda ke aikin masaƙa da safe su tafi makaranta da yamma suna gyangyaɗi. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9, amma tsarin rabin yini sai dokar ilimi ta 1918 ce ta kawo ƙarshensa. Akwai kuma makon hutu na shekara, da ake rufe masaƙun gari baki ɗaya kowa ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku a Blackpool. A shekarun 1970 da 1980 wata malama a Jami'ar Lancaster, Elizabeth Roberts, ta ɗauki muryoyin sama da mutum 200 a Barrow da Lancaster da Preston, daga ciki ta fitar da littafinta na 1984 a kan rayuwar mata talakawa.

Kada mai karatu ya ɗauka zaman yabon kai ake yi. Akwai batutuwa masu ɗaci. Audugar da ta gina Lankasha bayi baƙar fata ne suka noma ta a kudancin Amurka. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 auduga ta yanke, dubban ma'aikata suka shiga yunwa har zuwa 1865. Mutanen lardin na alfahari da wasiƙar goyon baya da taron ma'aikatan Mancesta ya aika wa Shugaba Abraham Lincoln a ƙarshen 1862, wadda ya amsa a Janairun 1863, amma duk mai lacca na gaskiya sai ya ƙara da cewa 'yan kasuwar Liverpool da yawa masu bayin suka mara wa baya. Haka nan zuwan Mahatma Gandhi garin Darwen a Satumbar 1931, lokacin da ƙaurace wa yadin Ingila a Indiya ya jefa masaƙa cikin rashin aiki, amma duk da haka mata ma'aikata suka tarbe shi da fara'a. Sai kuma 'yan Pakistan da Indiya da suka zo a shekarun 1950 da 1960 suka riƙe aikin dare, a daidai lokacin da masana'antar ke gangara. Jikokinsu ma yanzu suna da nasu labarin da za su bayar.

Ga wani abu da zai ja hankalin 'yan fim. A 1994 ma'aikatan gini suka ci karo da wasu gangunan ƙarfe a ƙarƙashin wani tsohon shago a Blackburn, cike da faifan fim kusan 800. Ashe aikin Sagar Mitchell da James Kenyon ne, waɗanda a farkon shekarun 1900 suke kafa kyamara a ƙofar masaƙa su ɗauki ma'aikata suna fitowa, sannan a nuna a wajen wasa mutane su biya su ga kansu. Wani mai sha'awar tarihin garin, Peter Worden, shi ya ceci faifan, Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta gyara su, BBC ta nuna su a 2005. Abin da aka ɗauka don neman na cefane ya zama taskar tarihi. Ita ma masaƙar Queen Street ta Burnley, da aka rufe a 1982, an mayar da ita gidan tarihi da injinta na tururi, har an ɗauki wani ɓangare na fim ɗin The King's Speech a cikinta.

To, mu ina ruwanmu? Ruwanmu har tsaki. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a Mancesta don nemo auduga a ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma begen samun audugar Arewa na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo ya iso Kano a 1911. Sai dai manomanmu suka ga gyaɗa ta fi riba, masaƙan gida kuma suna sayen auduga da daraja fiye da Bature, sai lissafi ya sha bamban. Bayan haka, masaƙar KTL ta Kaduna da ta fara aiki a 1957, a zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na garin Rawtenstall a Lankasha aka kafa ta. Wato injin da ƙwarewar duk daga can suka zo Kakuri. A 2002 KTL ta tsaya, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka riga mu gidan gaskiya. Masaƙu da dama a Kaduna da Kano haka suka bi sahu.

Saurayin da ya shiga KTL yana ɗan shekara 20 a ranar da aka buɗe ta, in yana raye yau ya doshi 90. Wa ya zauna da shi ya ji yadda aka koya musu aiki, nawa ne albashin farko, yaya Kakuri take idan an tashi daga aikin dare? Wa ya tambayi matan da suka yi tuwon sayarwa a bakin ƙofar? Haka dattawan karofin Ƙofar Mata, da leburorin dalar gyaɗa, da 'yan hakar kuza na Jos, da ma'aikatan reluwe na Zariya.

Abin da ake buƙata bai fi zaure da tabarma da wayar hannu mai ɗaukar murya ba. Ƙungiyoyin marubuta da ke zaman karatu duk wata za su iya ware zama ɗaya su gayyato tsohon ma'aikaci ya yi magana, a ɗauka, a rubuta, a kai kwafi Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Makama a Kano. Masu shirya fim da ke kukan ƙarancin labari su ma ga rijiya a ƙofar gida. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya ba mu ikon yi tun masu labarin suna tare da mu, amin.