Samfurin gini na kwamfuta da tsaron ma'aikata

Samfurin gini na kwamfuta, wanda aka fi sani da BIM, hanya ce ta tsara gini a kwamfuta da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, tare da bayanin kowane ginshiƙi, bango da bututu. Ana amfani da shi wajen hango haɗurra kafin a fara aiki, domin kare rayukan magina da leburori.

Tarihi

Masanin gine-gine ɗan Amurka Charles Eastman ne ya shimfiɗa tushen wannan tunani a shekarun 1970. Daga baya aka samu manhajoji irin su ArchiCAD da Revit, wadda kamfanin Autodesk ya saya a 2002. Gwamnatin Birtaniya ta wajabta amfani da BIM a ayyukanta tun daga 2016, kuma a 2018 aka fara fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 19650 a kansa.

Yadda yake hango haɗari

Idan aka haɗa samfurin da jadawalin aiki, injiniya yana iya kallon yadda ginin zai tashi mako bayan mako. Ta haka ake gano bakin bene da ba shi da shinge, ramin da mutum zai iya faɗawa, da inda injin ɗaga kaya zai ratsa ta kan ma'aikata. Manhaja kamar Navisworks tana nuna inda bututu ya ci karo da ginshiƙi, sai a gyara zanen maimakon a fasa kankare bayan an zuba, abin da kan raunana gini. Ana kuma nuna wa leburori hoton samfurin kafin su hau aiki, wanda yake taimaka wa wanda bai iya karanta zanen takarda ba.

A Najeriya

Rushewar gine-gine ta sa batun ya ja hankali. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi, jihar Legas, ya rushe ya kashe mutum fiye da 40. A watan Agustan 2022 kuma wani bene da ake ginawa a titin Beirut cikin birnin Kano ya rufta. Ƙasar tana da Kundin Dokokin Gini na Ƙasa tun 2006, kuma hukumar COREN ce ke kula da injiniyoyi, CORBON kuma magina. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, malamai da ɗaliban sassan gini da ƙididdigar kayan gini sun gudanar da bincike kan yadda za a karɓi BIM a ƙasar.

Ƙalubale

Tsadar manhaja, ƙarancin wutar lantarki da rashin ƙwararru suna hana yaɗuwarsa. A ƙananan garuruwa irin su Ikara, Makarfi da Kudan, yawancin gidaje birkiloli ne ke gina su bisa yarjejeniya da mai gida. Haka kuma samfurin ba ya gano rodi marar inganci ko simintin da aka rage a fili. Saboda haka amfaninsa ya dogara ne ga sa ido a wurin aiki, da samar wa ma'aikata hular kwano da igiyar kariya.