Tayar da Lissafin Haɗin Gwiwa daga Zangon Ajiya a Rukunin Kwamfutoci: Nazari kan Halin Wutar Lantarki a Kalgo da Ƙasar Gwandu

Tsakure

Wannan maƙala ta duba mas'alar ci gaba da doguwar hidimar lissafi bayan ta katse, a ƙaramin rukunin kwamfutoci irin wanda sashen kimiyya na jami'a zai iya haɗawa a ƙasar Gwandu. An gwama ƙa'idojin da masana suka shimfiɗa da yanayin wutar lantarki na yankin, ta hanyar lissafi bisa adadin da aka ƙaddara. Abin da ya bayyana shi ne illar katsewa a nan ta saɓa wa wadda aka gina ƙa'idojin a kanta, don haka wajibi ne a sauya wurin ajiya da lokacinta.

Gabatarwa

Tun shekarar 1994, lokacin da Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 na kasuwa a hukumar NASA ta Amurka suka kira su Beowulf, ya tabbata cewa lissafi mai nauyi bai keɓanta ga masu dukiya ba, domin duk makarantar da ta mallaki 'yan kwamfutoci da wayar sadarwa tana iya raba aiki ɗaya a tsakaninsu su yi shi a lokaci guda. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 da mazauninta a Kalgo, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero tun 2006, suna zaune a yankin da buƙatar irin wannan lissafi ba ta ɓuya ba, ko da kuwa hasashen damina ne kaɗai da tafiyar ruwa a fadamun shinkafa, waɗanda ambaliyar 2020 ta yi wa mummunar ɓarna. Sai dai yawancin manhajojin irin wannan lissafi suna aika wa juna saƙo ne ta tsarin MPI, wanda al'adarsa ita ce idan ɓangare ɗaya ya mutu a rushe aikin baki ɗaya. Maganin da aka sani shi ne zangon ajiya, wato a riƙa tsayawa lokaci-lokaci ana rubuta halin da lissafi yake ciki a faifai, domin a tashi daga nan idan an faɗi.

Sharaɗin Ingancin Zango

Ba kowace ajiya ce take halatta a tashi daga gare ta ba. Idan kwamfuta ta farko ta yi ajiyarta kafin ta aika saƙo, alhali ta biyu ta yi tata bayan ta karɓe shi, to an sami hali wanda bai taɓa aukuwa ba a haƙiƙa, kuma komawa baya don neman daidaito tana iya jan kowa har farkon aiki, kamar yadda Brian Randell ya faɗakar a 1975. Chandy da Lamport sun warware wannan a 1985 da alamar da ake turawa ta kowace hanyar saƙo, ta raba abin da ya gabaci zango da abin da ya biyo bayansa. Marubutan Gwandu da suka kwafi littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a warƙoƙin da ba a ɗinke ba sun san irin wannan sharaɗi, domin sukan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, ta yadda ko iska ta watsa littafi ana iya mayar da shi bisa jerinsa.

Hanyoyin yin ajiyar biyu ne. Ko dai manhajar ta rubuta abin da take buƙata da kanta, kamar WRF ta hasashen yanayi da GROMACS wadda take ajiya duk minti 15 bisa asalinta; ko kuma a ɗora wata manhaja irin DMTCP ta kwafe ƙwaƙwalwar aikin dukanta. Ta farko ta fi sauƙin nauyi, ita ce kuma abin zaɓi a duk inda ta samu.

Ƙa'idar Young da Abin da Take Bayarwa

John Young ya nuna a 1974 cewa mafi dacewar tazara tsakanin zango da zango ita ce lambar da, idan aka ninka ta da kanta, za ta ba da ninki biyu na lokacin ajiya sau matsakaicin lokacin da ke tsakanin katsewa da katsewa. John Daly ya ƙara tace ta a 2006. Mu ƙaddara ajiya tana cin minti 5, katsewa kuma tana zuwa sau ɗaya a awa 24. Tazarar za ta zama minti 120, asarar lokaci kuma kusan kashi 8 cikin ɗari. Idan kuwa katsewar duk awa 6 ce, tazarar ta dawo minti 60, asarar ta kai kusan kashi 17, ban da zaman jiran wuta. A wannan hali na biyu, aikin awa 48 da aka sake shi ba zango, damar ya kai ƙarshe ba ta wuce ɗaya cikin kusan 3,000 ba.

Inda Ƙiyasin Ya Saɓa

Ƙa'idar tana da kyau, amma malaman usulu sun sharɗanta wa ƙiyasi cewa illar asali ta tabbata a reshe, kuma a nan ba ta tabbata ba. Manyan cibiyoyin Amurka, inda wuta ba ta cika yankewa ba, abin da suke tsoro shi ne kwamfuta ɗaya cikin dubbai ta lalace ba zato ba tsammani, sauran suna raye. Shi ya sa tsarin SCR na cibiyar Lawrence Livermore yake ajiye kwafin kowace kwamfuta a wajen maƙwabciyarta, wani lokaci ma cikin ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar an kashe na'ura. A Kalgo kuwa, wadda wutarta take zuwa ta layin Kainji zuwa Birnin Kebbi, mafi rinjayen katsewa ɗauke wuta ce, kuma ita ba ta zaɓe: dukan kwamfutocin suke mutuwa a daƙiƙa ɗaya, maƙwabciya da maƙwabciyarta, kamar yadda gobarar tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi a watan Satumba na 2023 ta jefa sassan Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu tare. Ajiyar da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ta da fa'ida a irin wannan rana.

Amma ɗauke wuta tana da siffofi biyu masu sauƙi da lalacewar na'ura ba ta da su. Ba ta cika ɓata faifai ba, kuma idan akwai batir tana sanar da zuwanta. Na'urar batirin, wadda ake kira UPS, tana iya aika sanarwa nan take, mai tsara ayyuka irin Slurm ya isar da ita ga manhaja, manhajar ta yi ajiya ta tsaya cikin tsari. Mas'alar sai ta koma ta awo: shin batirin zai kai tsawon ajiyar? Mu ƙaddara kwamfutoci 16, kowace tana da gigabait 8 na rubutawa. Idan duka za su bi waya ɗaya mai ɗaukar megabait 100 a daƙiƙa zuwa ma'ajiyar tsakiya, za a ci kimanin minti 21, wanda ƙaramin batir, musamman wanda zafin watan Afrilu ya gajiyar, ba lalle ya jure ba. Idan kuwa kowace ta rubuta a faifanta da wannan saurin, daƙiƙa 80 sun isa, a kwashe zuwa tsakiya bayan an tayar da janareta.

Wannan bai soke zangon lokaci-lokaci ba, tun da ƙurar hunturu da zafi suna kashe na'ura ba sanarwa, sai dai ya halatta a tsawaita tazararsa. Kuma lalle a rubuta sabuwar ajiya da suna dabam, a tabbatar ta sauka a faifai an kuma tantance ta, kafin a share tsohuwa, domin wutar da ta yanke a tsakiyar rubutu tana iya barin mutum da rabin sabuwa ba tsohuwa.

Saboda haka sashen da zai haɗa rukuni a wannan yanki, ya fara auna tsawon ajiyarsa da agogo, ya sayi batirin da zai kai ninki biyunsa, sannan ya zare wayar wuta da gangan ya ga ko aikin zai tashi daga zangonsa, tun kafin ya ƙara kwamfuta ko ɗaya.