Gwajin Da Aka Yi Wa Masu Tantance Takardun Bincike

Taron masana ƙirƙirarriyar basira da a da ake kira NIPS ya faro ne a birnin Denver na Amurka a 1987, kuma duk mai son gabatar da bincikensa a wurin, sai takardarsa ta tsallake siraɗin masu tantancewa. To, shin hukuncinsu abin dogaro ne? A 2014, jagororin tantancewar, Corinna Cortes da Neil Lawrence, suka sa kwamitoci biyu su duba takardu 166, kowane da kansa. Sai ga shi sun saɓa a kan kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka maimaita gwajin a 2021, sakamakon bai canja sosai ba. Don haka in an mayar maka da takardarka, kada ka karaya. Gyara ta, ka sake turawa.