Layi Ɗaya Tak na Claude Mellan

A 1649, a birnin Faris, wani mai zane a kan farantin tagulla, Claude Mellan, ya fitar da fuskar Yesu sanye da kambin ƙaya da layi ɗaya tak. Daga kan hanci ya fara, ya yi ta kewayawa kamar saƙar faifai, har farantin ya cika. Inda ya danna hannu sai layin ya yi kauri, inuwa ta fito: ga ƙaya, ga ɗigon jini, ga idanun da suka gaji.

Irin wannan hoton ba baƙo ba ne a zamaninsa: tun 1563 taron malaman Katolika a Trent ya amince hotuna su koyar da masu ibada. Takardar bugu kuwa tana da araha, don haka hotunan ƙusa da mashi da bulala, alamomin wahalar Yesu, suka shiga gidajen talakawa.

Mu Musulmin Gumel ba ma zana annabawa, kuma aƙidarmu game da Annabi Isa, alaihis salam, daban take. Duk da haka haƙurin hannun Mellan yana taɓa ni ƙwarai. A ganina wannan aikin ya fi duk abin da ya bari.