Yaƙi da Haraji a Gyare-gyaren Sarki Bitrus Mai Girma na Rasha (1682-1725)

Tsakure

Wannan maƙala ta duba gyare-gyaren da Sarki Bitrus na Ɗaya ya yi a Rasha, ta bibiyi lokutan da aka fitar da manyan dokokinsa tare da gwada su da abin da ke faruwa a fagen fama. Binciken ya gano cewa buƙatun yaƙi ne suka haifar da mafi yawansu, kuma manoma ne suka biya kuɗinsu.

Gabatarwa

An haifi Bitrus a Mosko a 1672. Yana ɗan shekara 10 aka naɗa shi tare da yayansa Ivan na Biyar, yayarsu Sofiya tana riƙon ƙwarya har 1689. A 1697 ya bi tawagar jakadunsa zuwa Turai da sunan aro, Pyotr Mikhailov, ya kama gatari yana sassaƙa katakon jirgin ruwa a Zaandam da Amsterdam na ƙasar Holan, daga nan ya wuce Deptford ta Ingila. Da ya dawo a 1698 ya ɗauki almakashi da hannunsa ya datse gemun fadawansa, daga baya ya sanya wa gemu haraji. Labarin gemun ya fi komai shahara, amma a ganin wannan bincike ba nan gizo ke saƙa ba.

Darasin Narva

A 1700 sojojin Sarki Charles na 12 na Suwidin suka tarwatsa rundunar Rasha a Narva, suka kwashe igwoginta. Bitrus ya sa aka sauko da ƙararrawar majami'u aka narkar, aka ƙera sababbin igwogi. Daga 1705 aka wajabta wa kowane gida 20 ya ba da mutum ɗaya aikin soja, kuma wanda aka ɗauka ya tafi ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Wannan runduna ce ta yi galaba a kan Suwidin a Poltava a 1709.

Soja kuwa yana son abinci da albashi da albarushi. Don haka aka kafa Majalisar Dattawa a 1711 domin ta riƙe ƙasa ta kuma tara kuɗi idan sarki yana bakin daga. Ma'aikatu na zamani suka biyo baya wajen 1718. A 1722 aka fitar da Jadawalin Muƙamai mai matakai 14, wanda ya ba ɗan talaka damar shiga sahun masu sarauta ta hanyar aiki. Ko majami'a ba ta tsira ba: da shugabanta Adrian ya rasu a 1700 aka bar kujerarsa babu kowa, har 1721 da aka miƙa al'amuranta ga wata majalisa da ke ƙarƙashin sarki.

Wa ya ɗauki nauyi?

A 1718 aka fara ƙidayar maza domin a daina karɓar haraji bisa gida, a koma bisa kai. Dalilin a fili yake: iyalai kan haɗu su cunkushe a gida ɗaya don rage abin da za su biya. A 1724 aka fara karɓar kopek 74 a kan kowane namijin manomi, tsoho da jariri duk ɗaya, kuma iyayen gona ne aka ɗora wa tarawa. Wannan ya ƙara musu iko a kan mutanen da dama ba su da 'yancin barin gonar ubangida. A shekarar kuma aka hana manomi yin nisa da ƙauyensa sai da takardar izini. Tun 1721 an yarje wa 'yan kasuwa su sayi ƙauyuka da mutanensu domin aikin masana'antu. Birnin Fitasbag da aka aza harsashinsa a 1703 a cikin fadama, dubban leburorin tilas ne suka gina shi, da yawansu suka mutu a can. Abin takaici ne yadda littattafai da dama ke wuce wannan ɓangare da gudu.

Jama'a ba su yi shiru ba. An yi bore a Astrakhan a 1705, wani mai suna Bulavin ya jagoranci na yankin Kogin Don a 1707, duka aka murƙushe su da ƙarfin bindiga. Ɗan sarkin ma, Alexei, ya mutu a kurkuku a 1718 bayan an azabtar da shi.

Bitrus ya samu abin da ya nema. Yarjejeniyar Nystad da aka ƙulla da Suwidin a 1721 ta ba Rasha gaɓar Tekun Baltik, ya kuma kafa Cibiyar Kimiyya a 1724 kafin ya rasu a 1725. Manomin Rasha kuwa bai fita daga bautar gona ba sai a 1861, shekara 136 bayan rasuwarsa.